Ruwa Zalla a Allurar Tariq

Alsawra, Omdurman
Rabi'ul Awwal, 1443

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Yaya gwiwar taki? Mu nan lafiya, sai zafi da yawan ɗaukewar wuta. An yi Maulidi an watse, bana ban fita ba.

Na ha'inci ƙanena Tariq, kuma har yau ina kan ha'intarsa. Dalilin rubutuna ke nan. Na zaɓi Hausar boko da na koya a gidanku zamanin aurena a Zariya, domin a nan babu mai karanta ta ko da wayata ta faɗa hannun wani. Ke kuwa na zaɓe ki ne don kin yi aikin jinya har kin yi ritaya, kuma taubashiyata ce ke, ba ki taɓa jin nauyin gaya mini gaskiya ba.

Kin san ni na reni Tariq bayan rasuwar Iya. Bara ƙarfe ya faɗo masa a ka a garejin da yake aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Raunin ya warke, amma ƙarfinsa bai dawo ba. Kullum kasala, kullum barci, matarsa Rim kuma ta daina dariya. Likita ya auna jininsa, ya ce sinadarin maza ya yi ƙasa ƙwarai tun daga wancan bugu, ya rubuta masa allura iri biyu. Babbar, mai kama da mai, ita ta mayar masa da kuzarinsa. Ƙaramar sau biyu a mako ake yinta. Likita ya ce babbar in ta tafi ita kaɗai takan tsayar da haihuwa, ƙaramar ce ke tsare ta. Shekararsu uku da aure, Allah bai ba su ba tukuna.

A gidan iyayen Rim yake zaune tun bayan biki, kamar yadda ake yi a nan, firijinsu kuwa kowa buɗe shi yake yi. Shi ya sa ya ajiye maganin a wurina, tunda na iya allura tun jinyar mijina marigayi Malam. Litinin da Alhamis yakan biyo in ya taso daga aiki.

Ƙaramar allurar kwalba biyu ce: ɗaya farin gari, ɗaya ruwan da ake narka shi. Wata rana na warware takardar da ke cikin kwalin, na karanta ɓangaren Larabcin. Aka ce daga fitsarin mata masu ciki ake tace garin.

Yaya, shekara ashirin ina zaunar da matan unguwa a tsakar gidana ina karantar da su babin tsarki. Na sha mayar da mace gida ta sake tufa saboda ɗigo ɗaya na fitsarin jaririnta. Sai ga shi da hannuna nake tura wannan abu cikin jikin mai salla. Na wanke hannu har fata ta yi zafi, na fuskanci alƙibla na rantse da Allah, na yi alwashin hannuna ba zai sake kai shi jikin Musulmi ba.

Abin da ya wajaba bayan haka shi ne in gaya masa. Ya zo ranar Alhamis da ledar mangwaro, yana cewa, "Yaya, yau ni kaɗai na sauke giyar babbar mota! Kuma Rim ta ce in Allah ya ba mu 'ya mace sunanki za a sa." Na shiga ɗaki, na fasa kwalbar ruwan kaɗai, na zuƙa, na fito na yi masa. Wata huɗu ke nan haka nake yi. Garin na tara shi cikin gwangwanin madara a kan katangar banɗaki, domin a ganina can ne mazauninsa.

Ki gaya mini: gaskiya ne abin da takardar ta ce? Ruwan yana cutar da shi? Babu wani magani mai tsarki da zai maye gurbinsa ba tare da ya sani ba?

Ƙanwarki,
Fadila

*

Zariya
Oktoba, 2021

Malama Fadila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana ba ni labarin shekaruna, Alhaji yana gaishe ki. Shi bai san abin da kika rubuto ba, kuma ba zai sani ba.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ke Fadila! Ke da ko gishirin maƙwabta ba kya ara sai kin mayar da ƙari?

Ga amsoshinki. E, gaskiya ne. HCG muke ce masa a asibiti. Jikin mai ciki ne ke yin sa, shi ne ma abin da ake nema in an auna fitsarin mace don a ga ko ta samu. Amma ba fitsari ba ne a kwalbar nan, an tace an sake tacewa har ba abin da ya rage sai sinadarin. Akwai wanda ake haɗawa a masana'anta ba da fitsari ba, sai dai samunsa da wuya, kuma likita ne zai ce ko ya dace. Hukuncin addini ba fannina ba ne, ku ke da malamai har a bakin ƙofa.

Ruwan ba ya cutarwa. Rashin garin ne ke cutarwa. Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa 'ya'yan maraina saƙo su yi aiki. In aka zuba sinadarin maza daga waje, sai ta ga jini ya cika, ta daina aiken gaba ɗaya. Namiji zai ji ƙarfi, ya ci tuwo, ya sauke giyar mota, alhali a ciki an daina yin ƙwayoyin haihuwa. Garin nan shi ne ɗan aiken da ke tsaya wa ƙwaƙwalwa. Wata huɗu kin tare ɗan aike a ƙofa. Sau da yawa abin yakan dawo in an gyara da wuri, amma kowane wata da kika ƙara, ƙara nisa yake yi. Wanda kika ɗora a kan katanga kuwa, a wannan ranar taku, ki ɗauka ya lalace.

"Ba tare da ya sani ba" da kika rubuta, a nan raina ya ɓaci. Jikinsa ne. Aurensa ne. Gobe-goben nan ki gaya masa, ku koma wurin likita tare.

Sannan ki zauna, tsakaninki da Allah, ki tambayi kanki: najasar ce ta hana ki, ko wani abu ne da ke zaune a ranki tun da daɗewa?

Ina jiran amsa.
Asabe

*

Alsawra
Rabi'us Sani, 1443

Yaya Asabe,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu muna raye, alhamdu lillahi. Kin dai ji abin da ƙasar ke ciki tun da sojoji suka karɓe mulki. An yanke intanet makonni ke nan, ana rufe gadoji duk ranar da matasa suka fita, burodi sai an yi layi tun asuba. Ban sani ba ko kin amsa mini amsar ta maƙale a hanya, ko kuwa kin karanta kin ga ban cancanci amsa ba. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, kuma ban ga laifinki ba. Ina rubuta wannan in ajiye har a buɗe.

Tariq ya je awon ƙwayoyin haihuwa da likita ya sa shi. Ya zo mini da sakamakon a aljihu, bai cire ba, ya zauna a bakin gado da kayan aikinsa, abin da ya san ba na so.

Ya ce, "Yaya, babu. Ko ɗaya babu. Da can kaɗan ne, yanzu sifiri."

Na ce, "Me likitan ya ce?"

"Ya yi mamaki. Ya tambaya ko ana yi mini ƙaramar a kan lokaci. Na ce masa, daktur, yayata ce ke yi, matar da ko nafila ba ta makara. Sai ya ce to, wataƙila jikina ne bai karɓa ba."

Sai ya ce ya yanke shawara. Rim ta haura talatin. Uwarta ta fara kai ta wurin masu turare da masu rubutu, ita kuwa tana bin ta don ta rufa masa asiri. Ya ce ba zai ɗaure 'yar mutane ba. Zai sawwaƙe mata tun tana da sauran lokaci, kuma yana so in raka shi wurin mahaifinta, Baba Jibirin, idan wata ya kama, domin ni ce uwarsa ni ce ubansa.

Sannan ya ɗage rigarsa ya juya mini baya, ya ce, "Yi mini dai, tunda an saya."

Yaya, na yi masa ruwa. Bakina ya buɗe zai yi magana, sai na tuna rantsuwata, na tuna kuma yadda zai dube ni, ban san wanne ne ya rufe bakin ba. Tun ranar na dakatar da karatun mata, na ce musu ba ni da lafiya. Ƙarya ta biyu ke nan, ko ta ɗari, na daina ƙirgawa.

Ƙari: Yau aka buɗe intanet, takardarki ta shigo. Na gode da bayanin. Amma tambayarki ta ƙarshe ta huda ni. Na fahimci abin da kike nufi. Shekara goma sha ɗaya na yi da Malam ban ko yi ɓari ba, ke kika riƙa raka ni asibiti. Kina cewa hassada ce, wadda ba ta haifa ba ta hana ƙanenta haihuwa. Daga bakin kowa zan iya jin wannan, ban da naki. Duk da haka na kwana ina bincikar zuciyata, kuma ba zan iya rantsewa babu ko ƙwayarsa a ciki ba. Kalmar "masu ciki" na fara gani a takardar nan kafin in ga kalmar "fitsari".

Fadila

*

Zariya
Nuwamba, 2021

Fadila,

Lafiya muke, kuma na gode Allah da kuke raye. Kullum kunnena yana kan rediyo saboda ku.

Wallahi tallahi haihuwa ba ta zo mini a rai ba. Ni da na riƙe miki mayafi kina kuka a layin asibiti, ni zan yi miki gori? Girman kai nake nufi. Kin tuna zuwanki Zariya amarya, kika yi mako kina tuƙa wa Malam tuwo da gudaji, bawan Allah yana haɗiya yana hamdala, don kawai kada ki tambaye ni yadda ake talge? Halin nan ne. Kin karanta layi ɗaya, kin yi wa kanki fatawa, kin yanke hukunci, kin zartar a bayan yaro, ba ki tambayi likita ba, ba ki tambayi malami ba. Wancan abin da kika tono a zuciyarki kuwa, ke da Ubangijinki, ni ban aike ki ba.

Yanzu ki bar bincikar zuciya haka nan, kin mayar da shi wurin ɓuya. Kina zaune kina auna niyyarki, aure yana mutuwa. In wata ya kama kika raka yaron nan ya saki matarsa a kan ruwan da kika yi masa, kada ki sake rubuto mini.

Ɗauki mayafinki.

Asabe

*

Alsawra
Jumada Ula, 1443

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji, Allah ya sassauta gwiwa. Ki yafe mini zaton da na yi miki. Jikina lafiya.

Na fara da Shehu Uthman, limamin masallacinmu, wanda ya karantar da Malam zamanin karatunsa a nan. Daga bayan labule na ba shi labari kamar na wata mata. Ya saurara har ƙarshe, ya ce malamai sun yi magana a kan abin da aka tace har ya sauya kama, sun yi magana a kan lalurar magani, kuma da yawansu sun sauƙaƙa. Ya ce rantsuwar da ke jawo cuta ga wani, karya ta ake yi a yi kaffara. Na san wannan, na karantar da shi. Sannan ya ce, "Ita wannan mata, wa ya ba ta fatawar farko?" Na ce ita ta ba kanta. Ya ce, "To, Fadila, ki ce mata yaudara ba ta da saɓanin malamai."

Washegari gada a buɗe take. Na sauko da gwangwanin daga katanga, na shiga mota zuwa Mantiƙa. Ban taɓa taka wurin ba. Maigidansa Ɗantsoho ya hango ni ina tsallake baƙin mai da farin tufafi, ya ce, "Ustaza da kanta? Tariq, fito, ka bar salla ne aka biyo ka har nan?" Suka yi dariya. Tariq ya fito daga ƙarƙashin mota yana dariyar shi ma.

Na ja shi bayan wata motar da ba ta da ƙafafu, na miƙa masa gwangwanin. Ya buɗe, ya ga kwalaben a jere, garinsu ya dunƙule. Na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba, ban kawo uzuri ba.

Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Ya ce, "Kullum sai na ce bismillahi kafin ki soka."

Na ce, "Na sani."

"Da kin ce ba za ki iya ba, da na je kemis. Minti biyu ne. Da ban ji haushi ba, wallahi, na san halinki." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na kwana ina tsara yadda zan gaya wa Baba Jibirin. Na zaɓi kalmomin. Kina kallona, Fadila."

Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ya rufe gwangwanin, ya tare mini raksha, babur mai ƙafa uku, ya biya, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Shi da Rim suka koma wurin likita, ba su neme ni ba. Likita ya sauya tsarin maganin, ya ce sai an yi watanni kafin a sake awo, kuma bai yi musu alkawarin komai ba. Irin na masana'antar an nema ba a samu ba, don haka wannan garin dai aka sake saya. Maganar zuwa wurin Baba Jibirin an bar ta. Rim ce ta kashe ta. Na ji ta ce masa in ya sake tsara sakinta ba da saninta ba, ita za ta fara kai ƙararsa wurin uban nata.

Na ɗauka an gama da ni, kuma a ɓoye na ji sauƙi: kemis zai yi allura, alwashina ya tsira. Sai ga su ranar Alhamis da la'asar, Rim a gaba, kwalin a hannunta cikin ƙanƙara. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Ustaza, daga yau maganin nan a firijin uwata zai zauna, mai tambaya ya tambaye ni. Ni zan riƙa yi masa. Amma ban iya ba, ke za ki koya mini. Ki haɗa a gabana, ki yi masa a gabana."

Na ce akwai ma'aikatan jinya da suka fi ni.

Ta ce, "Akwai. Ke nake so. Kin san abin da kike ƙyamar nan? Shekara uku ina tashi da asuba ina auna nawa fitsarin, ina roƙon Allah ya sa a gan shi a ciki. Na sha hayaƙi, na sha rubutu, na sha maganar uwata. Ban zo ki ba ni haƙuri ba. Buɗe kwalbar."

Tariq yana tsaye a ƙofa, idonsa a kan bishiyar lemun tsakar gida.

Na yi alwala, ko da yake ba a bukatarta. Na fasa kwalbar ruwan, na zuƙa, na tura a cikin ta garin. Na nuna mata yadda ake juyawa a hankali ba a girgizawa, yadda ake fitar da iska, inda ake sokawa. Tariq ya ɗage rigarsa. Wannan karon ni na ce bismillahi.

Ranar Juma'a na dafa abinci na kai unguwar Mayo, na ciyar da miskinai goma. Na kira matan unguwa su dawo karatu, kuma na gaya musu ba ciwo ne ya hana ni ba, laifi ne na yi wa wani, ban faɗi ko wane ne ba. Rim ta yi masa ta Litinin da hannunta, ta aiko mini da saƙo cewa bai yi jini ba. Shi bai zo ba, bai kira ba. Ban sani ba ko watannin da na cinye masa za su dawo, ban kuma sani ba ko zai sake ce mini Yaya. Ina roƙon na farkon. Na biyun ban ga ina da bakin roƙonsa ba.

Kin san ba na barin magana a rataye. Na yi wa Allah alwashin hannuna ba zai sake kai wannan magani jikin Musulmi ba. Ban cika shi ba. Na karya shi ranar Alhamis, da hannuna na dama, a gaban matarsa.

Wassalam.
Ƙanwarki,
Fadila